Yadda ake kaɗa zaren furotin da lantarki don renon ƙwayoyin jiki

Ƙwayoyin jikin mutum a manne suke da wata saƙa ta siraran zaren furotin, akasarinsa kolajin. Mai son renon fata ko jijiya a ɗakin gwaji sai ya tanadar musu irin wannan shimfiɗa. Kaɗa zare da lantarki tsohuwar dabara ce, tun 1934 Anton Formhals ya yi mata rajista, kuma zaren da take bayarwa ya fi silin gashi siranta sau ɗari da ɗoriya.

Da farko zaɓi furotin. Akwai kolajin, jelatin, furotin ɗin siliki da na masara. Sabon shiga ya fara da jelatin, don shi ba ya ba da wuya. Kolajin kuwa tsada gare shi, kuma sinadarin HFIP da aka saba narkar da shi a ciki yana warware masa tsari ya koma kusan jelatin, an yi asarar kuɗi ke nan.

Narkar da jelatin ɗin, wajen kashi 10 cikin 100 idan da HFIP ne, a cikin akwatin zuƙe tururi domin sinadarin guba ne. A nan aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. In ruwan ya yi tsululu, ɗigo-ɗigo za ka samu ko zare mai ƙulle-ƙulle kamar carbi. In ya yi kauri da yawa, sai ya bushe a bakin allura ya toshe ta.

Zuba shi a sirinji mai allura marar tsini, ka saita famfo ya riƙa tura kimanin mililita 1 a awa. Kafa farantin alminiyom santimita 10 zuwa 20 daga allurar, ka haɗa allurar da wayar wuta, farantin kuma da wayar ƙasa. Sai ka kunna wuta, ka riƙa ƙarawa a hankali tsakanin kilobolt 10 da 20. Zuba ido a bakin allurar: ɗigon zai miƙe ya yi tsini, abin da ake kira mazubin Taylor, sannan zare ya fizgo yana wulwulawa, ya bushe a iska, ya taru fari fat a kan farantin. Kada hannu ya shiga sai an kashe wuta an sauke cajin.

Faranti a tsaye yana ba da zare a hargitse, wanda ya dace da fata. Don jijiya, a yi amfani da ganga mai juyawa da sauri, zaren ya jeru gefe guda, ƙwayoyin su bi layinsa.

Kada ka yi gaggawar zuba ƙwayoyin. Ɗanyen zaren jelatin yana taɓa ruwa ya narke. Sai an ɗaure shi da tururin gulutaraldehaid ko sinadarin jenipin, a wanke sosai, don ragowar gulutaraldehaid na kashe ƙwayoyi. Bayan haka a tsarkake shi da hasken UV ko etanol mai kashi 70, ban da tukunyar tururi, zafinta zai lalata zaren.

Kwana kaɗan bayan zuba ƙwayoyin, yanki gefen shimfiɗar ka duba a maikuroskop. Sau da yawa a sama kawai suke zama saboda ramukan sun yi ƙanƙanta. In haka ta faru, ƙara kaurin ruwan a karo na gaba, zare mai ɗan kauri ya fi barin ramuka masu faɗi.