Yadda Ake Ambaton Maɓallan Linzamin Kwamfuta a Littafin Jagora

Kafin ka rubuta umarni ko ɗaya, ka zaɓi suna uku ka tsaya a kansu har ƙarshe: maɓallin hagu, maɓallin dama, maɓallin tsakiya. Ka bayyana su a shafin farko, ka faɗa cewa na tsakiya shi ne wilin nan da ake murzawa, domin da yawa ba su san ana danna shi ba. Hoton linzami guda da kibiya uku ya isa, da waya ma sai ka ɗauka, ba sai ka biya mai zane ba.

Na biyu, "danna" kaɗai tana nufin hagu. Kada ka cika shafi da "danna hagu". Sai in dama ake so ka ce "danna da maɓallin dama", ka kuma faɗi abin da zai fito.

Inda sababbin marubuta suka fi faɗuwa shi ne lamba. Mutum ya ji masu rubuta manhaja suna cewa "maɓalli na 2", sai ya kwafo ya zuba wa mai karatu. To na 2 ɗin wanne? A tsarin X, mai kula da allo da linzami a Linux, 1 hagu ne, 2 tsakiya, 3 dama, 4 da 5 kuwa murza wili ne sama da ƙasa. A JavaScript, yaren rubuta manhajar shafukan intanet, daga 0 ake fara ƙirga, don haka 1 ne tsakiya, 2 dama. Mai karatu kuma ƙirgawa zai yi da ido, ya danna abin da ya ga dama, aiki ya tsaya, ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Lamba ba ta da wuri a jagorar masu amfani. In takardar ta masu rubuta manhaja ce, ka sa lambar, sunan maɓallin na biye da ita.

Kada ka manta da bahago. Windows na ba shi damar musanya hagu da dama, saboda haka layi ɗaya ya wadatar: "Idan ka musanya maɓallanka, inda muka ce hagu ka danna dama." Mai kwamfutar Mac kuma ka gaya masa, in dama ake so, ya riƙe Control a allon rubutu ya danna, ko ya taɓa faifan taɓawa (trackpad) da yatsu biyu.

Ka rubuta sigar manhajar. Misali Blender, manhajar zanen 3D, da maɓallin dama ake zaɓar abu a cikinta, sai a siga ta 2.80 a 2019 aka mayar hagu. Daga nan ka miƙa jagorar ga wanda bai taɓa buɗe manhajar ba, ka zuba ido ga yatsansa, duk inda ya yi jinkiri ka gyara layin.