Yadda ake raya tsohon wasan furog rok a kan sitej, kamar yau ne 1973

Tun 1993 wasu makaɗa a birnin Montreal na Kanada suka ɗauko wani aiki mai wahala, wato su riƙa sake yin wasannin da ƙungiyar Genesis ta Ingila ta yi a farkon shekarun 1970, kuma ba rera waƙoƙin kaɗai ba, har da kayan da aka sa a jiki da fitilun da aka haska da labaran da mawaƙin yake bayarwa tsakanin waƙa da waƙa, komai da komai. Sunansu The Musical Box, kuma sun ƙware har ta kai Steve Hackett mai jitar Genesis a wancan lokacin ya hau sitej da su a zauren Royal Albert Hall na Landan a 2002, shi ma Phil Collins mai gangar Genesis ya zauna ya kaɗa musu ganga a Geneva a 2005. Irin waɗannan ƙungiyoyi su turawa ke ce wa tiribut band, akwai na Pink Floyd ma, kamar The Australian Pink Floyd Show da aka kafa a birnin Adelaide na Ostareliya a 1988, waɗanda David Gilmour mai jitar Pink Floyd da kansa ya gayyata suka yi wasa a bikin cikarsa shekara 50 a 1996.

Shi furog rok ɗin, ga wanda bai saba da shi ba, kiɗan rok ne da ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960, waƙa ɗaya sai ta yi minti 10 ko 20 tana canza salo tana canza bugu, ga labari a ciki ga wasan kwaikwayo a kan sitej. Ni dai na daɗe ina bibiyar yadda masu raya shi ke aikinsu, to ga yadda abin ke tafiya in kai ma kana da makaɗa kuna son gwadawa.

Mataki na farko: ku zaɓi rangadi guda ɗaya, ba ƙungiya ba

Nan ne yawanci ake faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. Sai mutum ya ce zai yi "wasan Genesis" ko "wasan Pink Floyd", alhali Genesis ta 1972 daban take da ta 1974, kayan kiɗan sun canza, tsarin sitej ya canza, askin mawaƙin ma ya canza. In ka haɗa su waje guda ka yi dambu ne kawai, kuma masu kallon irin wannan wasa dattawa ne da suka haddace komai, wasunsu ma sun halarci na asalin suna samari, nan take za su gane. To ku zauna ku ce, in Genesis ce, rangadin faifan Foxtrot na 1972 zuwa 1973 za mu yi, ko na Selling England by the Pound na 1973 zuwa 1974, shi ke nan duk abin da ya zo bayan wannan lokaci ku ajiye shi gefe ko da kuwa shi ne waƙar da kuka fi so. Shawarata ga masu farawa kar ku tinkari The Lamb Lies Down on Broadway na Genesis ko The Wall na Pink Floyd tukuna. The Wall ɗin nan ita kanta Pink Floyd sau 31 kacal ta iya yinsa a 1980 da 1981, a garuruwa huɗu, saboda tsadar gina katanga a gaban makaɗa ana cikin wasa sannan a rushe ta.

Mataki na biyu: ku tattara shaida kamar masu bincike

Faifan da aka ɗauka a sutudiyo ba zai ishe ku ba, don yadda ake kaɗa waƙa a gaban jama'a ya sha bamban, wani wajen a ƙara gudu, wani wajen a tsawaita, wani a yanke. Abin da za ku nema shi ne kaset-kaset ɗin da 'yan kallo suka ɗauka a ɓoye da ƙananan rikodoji, sautin ba daɗi, ga ihu ga tari, amma a nan gaskiyar take, yanzu da yawa suna YouTube. Ku saurari dare biyar ko shida na rangadin guda ku ga me ke maimaituwa kullum me kuma ke canzawa. Sai hotuna, kowane hoto da kuka samu ku faɗaɗa shi a kwamfuta ku duba ina aka ajiye amfilifaya, wace jita ce a jingine a baya, mai piyano yana dama ne ko hagu. Ga rangadin 1973 an yi sa'a akwai fim da aka ɗauka a sutudiyon Shepperton a watan Oktoba na shekarar, wannan ku kalle shi har ku gaji. Shi kuwa rangadin Lamb da ya fara a Chicago a Nuwamba 1974 ya ƙare a Faransa a Mayu 1975, an yi wasa kusan sau 100 amma ba a ɗauki cikakken fim ɗinsa ba, kuma daga shi mawaƙinsu Peter Gabriel ya bar ƙungiyar, shi ya sa mutane ke tururuwar zuwa kallon masu raya shi, ba su da wata hanyar gani.

Ku buɗe littafi guda ku rubuta komai minti-minti, a minti kaza fitila ta koma ja, a minti kaza mawaƙi ya fita ya canza kaya. Littafin nan shi ne zai raba muku gardama nan gaba, don gardama kam za a yi ta.

Mataki na uku: kayan kiɗa, kuma a nan kuɗi ke tafiya

Bari in daɗe kan Mellotron don in babu sautinsa to babu wasan. A ido kamar ƙaramin piyano yake, amma in ka buɗe bayansa za ka ga zaren kaset ne jere, kowane madanni da nasa zaren, samfurin M400 madannai 35 gare shi zare 35. A kan kowane zare an naɗi sautin goge na gaske ko sarewa ko muryoyin mutane, kana danna madanni sai injin ya ja zaren ya wuce ta kan kai mai karantawa, wajen daƙiƙa 8 sai zaren ya ƙare sauti ya ɗauke ɗif, sai ka saki sifirin ya mayar da shi farko. Wannan ne ya sa masu kaɗa shi suke da wata irin tafiyar yatsu, kafin wannan zaren ya ƙare sun ɗaga yatsa ɗaya sun sauke wani, hannun yana rarrafe a hankali kamar gizo-gizo. To ko da manhajar kwamfuta za ka yi amfani, wanda shi ne abin da yawanci ke iya saya yanzu, dole mai kaɗawa ya koyi wannan rarrafen, in ya danna ya riƙe har daƙiƙa 20 kunnen wanda ya sani zai ji ƙarya a ciki. Na asalin kuma rigimamme ne, in wutar lantarki ta yi ƙasa ko ɗakin ya yi zafi sai sautin ya karkace, kuma wannan 'yar rawar da sautin ke yi tana cikin daɗinsa, kar ku goge ta. Wanda Tony Banks mai piyanon Genesis ya buɗe waƙar Watcher of the Skies da shi tsohon samfuri ne Mark II da suka saya hannun ƙungiyar King Crimson.

Bayan shi sai ogan Hammond, da jita mai tsirkiya 12 aƙalla guda biyu ko uku, da jitar nan mai wuya biyu irin ta Mike Rutherford na Genesis wadda sama jita ce ƙasa bes, wato jita mai kaurin sauti, da madannan ƙafa da yake takawa su ba da sauti mai kauri lokacin da hannayensa ke kan jita. In Pink Floyd kuka zaɓa to hankalinku ya koma kan na'urar amsa-kuwwa, su Binson Echorec suka yi amfani da ita a farkon shekarun 1970. Abin da ba ku samu na asali ba ku nemi mafi kusa, amma ku fara kashe kuɗi kan abin da kunne ke ji kafin abin da ido ke gani.

Mataki na huɗu: ku koyi ƙirga

Yawancin kiɗan da muka saba ji bugu huɗu-huɗu yake tafiya, shi furog ba ruwansa. Money ta Pink Floyd bugu bakwai ce, ɗaya biyu uku huɗu biyar shida bakwai a dawo ɗaya, sai an zo wajen da jita ke yin nata sannan ta koma huɗu. Supper's Ready ta Genesis kuwa kusan minti 23 ce, kuma can wajen ƙarshe akwai ɓangaren da bes da ganga ke tafiya a bugu tara shi kuma mai ogan yana yawonsa a kai kamar bai san da su ba. Ku ajiye kayan kiɗa ku zauna da'ira ku tafa da hannu kuna ƙirgawa da baki har sai jiki ya ɗauka, sannan ku ɗauki kaya ku fara a hankali, rabin gudu. Sati biyu a kan minti uku ba asara ba ce.

Mataki na biyar: kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi

Mai jita ya sani Hackett a zaune yake kaɗawa a wancan lokacin, kansa a sunkuye, ba tsalle ba yawo. Collins bahago ne, gangunansa a juye suke, kuma yana amshi yana kaɗawa, to in mai gangarku ba bahago ba ne ku yanke shawara tun wuri. Babban nauyi dai yana kan mawaƙi, don Gabriel ban da waƙa yana busa sarewa yana taka babbar ganga da ƙafa, ga canza kaya. Abin ya samo asali ne a Dublin a Satumba 1972 lokacin da ya fito sanye da jar rigar matarsa da kan dila ba tare da ya gaya wa sauran ba, daga nan sai fukafukan jemage a ka da kwalliyar ido mai ƙyalli, sai fuskar tsoho, sai hular fure mai manyan ganye da ke zagaye fuska, ga kuma tsakiyar gashin goshinsa da ya aske. Ku nemi tela mai haƙuri ku ba shi hotuna ta gaba da ta gefe, kuma duk abin da aka ɗinka a gwada shi da makirufo a hannu, don shi kansa Gabriel kayan Slipperman, wata halitta mai ƙuraje-ƙuraje a cikin labarin Lamb, sun hana shi kai makirufo bakinsa sosai a rangadin Lamb.

Labaran da yake bayarwa kafin waƙa kuma kar ku raina su. Dalilinsu shi ne jita mai tsirkiya 12 tana cin lokaci wajen saiti, to maimakon a bar zaure shiru sai ya riƙa zuba wani labari mai ban al'ajabi da murya a kwance ba dariya. Ku ma jitocinku za su buƙaci saitin nan, ka ga labarin ya yi muku aikin da ya yi musu.

Mataki na shida: fitilu da majigi

Jarabar da ke kama mutane ita ce fitilun zamani sun yi arha, sai a cika sitej da launuka masu juyawa, wasan ya tashi daga 1973 ya koma bikin jiya. Ku rage. Farin labule a baya, fitila mai shuɗin haske da ke sa fari da kwalliya ƙyalli a duhu, da duhun kansa, yawancin abin ke nan. Mai fitila ya zama ɗan ƙungiya da ke zuwa kowane atisaye da littafin nan a gabansa. Ga Lamb allo uku ne a bayan makaɗa ana haska hotuna sama da dubu da majigi, kuma The Musical Box sun samu kwafin hotunan na asali daga wajen Genesis. Masu yin Pink Floyd su kuma allon nan mai da'ira ba makawa, 'yan Ostareliya har suka ƙara da babban kangaru na roba da ake hurawa, a madadin aladen roba da Pink Floyd ke hurawa a wasanninta.

Mataki na bakwai: izini

Rera waƙar wani a zaure yawanci yana ƙarƙashin lasisin da masu zauren ke biya wa hukumomin haƙƙin mawaƙa, irin PRS a Ingila ko SOCAN a Kanada ko ASCAP da BMI a Amurka, to ku tambayi mai zaure kafin ku buga tikiti. Amma in za ku yi cikakken labari da kayansa da hotunansa wannan wata magana ce daban, sai an nemi masu abin kai tsaye, haka The Musical Box suka samu lasisin Lamb daga Gabriel da Genesis. A fosta kuma ku rubuta sunanku da girma, ku bayyana cewa raya wasa ne, kar wani ya sayi tikiti yana zaton na asalin zai gani.

Mataki na ƙarshe: atisaye daga farko har ƙarshe ba tsayawa

Aƙalla sau uku kafin ranar, da kaya da fitilu da komai, ku kafa waya a ƙarshen zaure ta ɗauka, washegari ku ajiye bidiyonku kusa da tsohon ku kalla tare. Ku auna daƙiƙa nawa mawaƙi ke buƙata ya cire wannan ya sa wancan a duhu, a samu mutum guda a bayan labule da 'yar tocila wanda aikinsa ke nan kawai. In tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar atisaye kar a tsaya, a ci gaba a ga yadda za a fita, don ranar wasa ma tana iya tsinkewa. Wasan farko ku yi shi a ƙaramin zaure mai ɗaukar mutum 100 ko 200, kuma bayan an tashi ku fito ku tsaya bakin ƙofa da littafinku da biro, dattijon nan da zai zo ya ce muku a zamaninsu hular furen ta fi haka faɗi, ku tambaye shi a wane gari ya gani kuma a wace shekara, ku rubuta.