Yadda ake auna aikin fitoplankton a zurfi daban-daban na ruwa

Mu a Damagaram ba mu da teku, amma dabarar kwalba fara da baƙa da masana kimiyya Gaarder da Gran suka fito da ita a mashigin tekun Oslo na ƙasar Norway a 1927 ana iya koyonta a tafkin Gidimuni, dabarar ɗaya ce. Fitoplankton dai ƙananan tsiran ruwa ne da ido ba ya gani, da hasken rana suke haɗa abinci suna sakin oksijin, to oksijin ɗin za ka auna.

Fara da farantin Secchi, fari, faɗin santimita 30, ka sauke shi da igiya har ya ɓace ma ganinka. Ninka wannan zurfi kusan sau uku, wajen nan ne haske ya rage kashi 1 cikin 100. Ni zurfi biyar nake ɗauka daga sama zuwa can, ƙasa da haka ɓata lokaci ne.

Kowane zurfi ka ɗebo ruwansa ka cika kwalba uku: ta farko a zuba mata magungunan Winkler (masu kama oksijin ɗin ruwa don a auna shi) nan take, ɗaya fara da haske ke shiga, ɗaya baƙa da haske ba ya shiga. Baƙar ba sai ka saya ba, naɗe ta da takardar alminiyum da baƙar leda har murfin.

To wajen cika kwalba nan ɗalibai ke faɗuwa wallahi. Sai ka ga yaro ya kwarara ruwa kamar mai cika buta, kumfa ta shiga, alhali ƙwayar iska ɗaya ta isa ta lalata lissafin gaba ɗaya tunda oksijin ɗin da kake nema ɗan kaɗan ne. Sa siririn tiyo har gindin kwalba, bar ruwan ya cika ya yi ta malala, zare tiyon a hankali, rufe, juya kwalbar ka duba. In ka ga kumfa zubar ka sake, kada ka yi ƙyuya. Kuma duk wannan a inuwa, ruwan da ya fito daga ƙasa bai saba da rana ba, in ta doke shi aikin tsiran ya canza.

Mayar da fara da baƙa zurfin da ka ɗebo su, awa 4 zuwa 6, sannan ka fito da su ka zuba musu magungunan Winkler, ka auna oksijin ɗin kwalaben uku. Oksijin ɗin farar kwalba in ka cire na baƙar shi ne jimillar abin da tsiran suka haɗa, na farar in ka cire na ta farko shi ne abin da ya rage bayan numfashinsu. Don samun karbon ɗin da suka haɗa ninka nauyin oksijin ɗin da 0.375 ka raba da 1.2, sannan ka haɗa zurfafan duka a kan murabba'in mita ɗaya.