Bututun da ka gani a tsakar gidan da za ka saya, ga yadda za ka gane na mene ne

Bara da rani na raka ƙanina duba wani gida da yake son saya a nan Kano, gida mai kyau wallahi, an sha fenti an yi sabon daɓe, sai ga wani bututun roba a tsaye can kusa da katanga, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, an toshe bakinsa da leda. Na tambayi dillali wannan fa na mene ne, ya ce ai ba komai ba ne, tsohon fayif ne kawai, in kun shiga ku yanke shi. Da muka dawo da falamba washegari ashe tsohuwar shadda ce a ƙarƙashin wurin, an rufe ta da kankare an daɓe kai, kuma daidai nan ƙanin nawa yake shirin ɗora ɗakin yara. Tun ranar duk wanda ya ce min zai sayi gida sai na ce masa ya bar kallon silin da tayil tukuna, ya zagaya tsakar gida da bayan ɗakuna yana kallon ƙasa, don babu wanda yake kafa bututu haka kawai, akwai abin da yake binne a ƙarƙashinsa.

Ka fara da ido kafin ka taɓa komai. Faɗinsa kaɗai zai gaya maka rabin labarin. Siriri mai rabin inci ko inci ɗaya, na roba ko na ƙarfe da ya yi tsatsa, yawanci na ruwan famfo ne, ko dai tsohon layin gidan ruwa ko wanda ya sauko daga tanki. Mai inci huɗu shi ne wanda ake ja wa masai, in kuma yana tsaye da ƴar hula mai huji a kansa to na fitar da iskar sokawe ne. Mai kauri shuɗi, inci biyar ko shida, da ya fito daga cikin ɗan dandamalin siminti, wannan ka fara zargin bohol. Sai ka dubi inda yake, shin a bayan banɗaki ne, ko saitin kicin, ko ƙarƙashin indararo inda ruwan sama yake sauka, ko kusa da mitar wuta.

Wanda yake kusa da mita ɗin nan dan Allah a yi hattara da shi. Ana binne wayar wuta a cikin siririn fayif daga mita zuwa ɗakin maigadi ko wurin janareta ko famfon bohol, saboda haka kar ka zura ƙarfe a ciki, kar ka sa zarto, ka kira mai gyaran wuta ya gwada. In kuma sandar jan ƙarfe ka gani an kafa a ƙasa da waya mai launin kore da rawaya a ɗaure, wannan ba bututu ba ne ma, ita ce take kai wuta ƙasa in an samu matsala, a bar ta inda take.

Bayan ido sai hanci, amma ba wai ka kafa hancinka a bakin bututun ba. Ka cire murfin ka ja baya ka ba shi ƴan mintuna, sannan ka kaɗo iskar da hannu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin sokawe ko shadda. Kuma kar wanda ya kuskura ya kunna ashana ko ya tsaya da sigari wai zai leƙa, iskar da take taruwa a ramin masai tana kama wuta, tocilar waya ta isa. In warin gas na janareta ka ji to akwai yiwuwar tankin mai ne a binne, ana samun haka a gidajen da kamfani ya taɓa zama ko aka yi gidan burodi, ka zura busasshiyar sandar itace ka fito da ita ka gani. Tankin ƙarfe in ya daɗe a ƙasa tsatsa tana huda shi, man ya bi ƙasa ya lalata ruwan rijiya, naka da na maƙwabta, kuma haƙo shi aiki ne mai cin kuɗi.

Dabarar da na fi so ita ce ta igiya, don ba ta cin ko sisi. Ka ɗaura ɗan dutse a doguwar igiya ka riƙa saki a hankali. In ya tsaya bayan kamu biyu ko uku to bututun ya yi kwana ne, magudana ce take tafiya a kwance. In ya sauka kamar mita biyu zuwa huɗu ya fito da baƙin ruwa mai wari, sokawe ne. In ya yi ta tafiya ya fito da ruwa mai kyau, ko dai rijiya ce aka rufe ko bohol, shi bohol igiyarka ma za ta iya ƙarewa ba ka taɓa ƙasa ba. Ka kuma ɗauki taɓarya ko guntun katako ka riƙa buga daɓen kewaye da wurin, inda ƙasa take a cike sautin a dunƙule yake, inda rami yake za ka ji yana amsawa kamar ganga, da haka za ka san girman ramin.

In ta tabbata bohol ne kar ka yi saurin murna, ka tambaya me ya sa aka bar shi. Wani ƙafewa yake yi da rani, wani ruwan zartsi ne, wani kuma sumo ne, wato injin da yake turo ruwan sama, ya faɗa ciki ya maƙale. Sannan ka auna tazararsa da sokawe, masana lafiya suna ba da shawarar kamar mita 30, kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya filayenmu na cikin gari da yawa ba su kai haka ba, shi ya sa in za a sha ruwan sai an kai shi an gwada tukuna.

Abin da ya fi haddasa rigima kuwa shi ne bututun da ba na gidan ba ne ma. Gidajenmu da yawa asali gida ɗaya ne babba aka raba gado aka ja katanga a tsakiya, sokawen ya faɗo ɓangare ɗaya amma masan ɓangarori biyu duk cikinsa suke zuba. Ƴan uwa ne a da babu mai magana, kai baƙo ka shigo ka toshe, gobe da safe maƙwabci yana ƙofar gidanka, jibi kuna gaban mai unguwa. Gwajin mai sauƙi ne, ka jiƙa shuɗin wanki a bokiti ka zuba a masai, wani ya tsaya a bakin bututun ko murfin sokawe yana kallo, ku bi banɗaki da kicin ɗaya bayan ɗaya. In duk na gidan an gwada ba a ga shuɗi ba amma bututun yana jiƙe, to ka yi sallama da maƙwabta cikin mutunci ka roƙa a gwada nasu. Dama tsofaffin layin su ne suka san tarihin gidan, wata Hajiya da ta shekara 40 a unguwar za ta nuna maka inda rijiya take da inda aka cike kududdufi, abin da mai sayarwa wataƙila shi ma bai sani ba in shi ma saya ya yi.

Duk wannan ka yi shi kafin ka ba da kafin alƙalami, kuma ka zo da falambanka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuɗin da za ka ba shi bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da kuɗin gida. Ka tambayi mai gidan kai tsaye a gaban shaidu, ai ko a shari'a wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin abin da yake sayarwa. In rami ne da ba a amfani da shi ku yi magana a kan wa zai kwashe ya cike shi da jar ƙasa ana dannawa, ba shara ba, don shara tana ruɓewa daɓe ya lotsa da damina. Ko ya yi aikin ko a rage a kuɗin, a rubuta a takardar ciniki kowa ya sa hannu. Mu dai haka muka yi, aka rage mana kuɗin cikon, ɗakin yaran kuma aka mayar da shi ɗaya ɓangaren.