Yadda zaka fara sana'ar tallata kaya a soshiyal midiya bayan ka gama makaranta

Duk wanda ya gama jami'ar ATBU ko Tatari Ali ko poli ta Gwallameji a nan Bauchi ya san zaman nan na jiran bautar ƙasa, ka tashi da safe babu lakca babu aiki, waya ce kawai a hannu ana ta ƙona data. Toh wannan wayar da ita zaka fara, ba sai ka jira kwamfuta ba. Amma ka sani tun yanzu, a wannan harkar babu Alhajin da zai tambaye ka satifiket, tambayarsa ɗaya ce, wa ka taɓa yiwa kuma ciniki ya ƙaru?

Mataki na farko, ka koyi abin da kyau amma kada ka tare a koyo. Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram da WhatsApp, suna da darussa kyauta da suke kira Meta Blueprint, nan zaka ga yadda ake haɗa talla da zaɓen waɗanda za su gani. Sai Canva na haɗa fosta, CapCut na yanka bidiyo, da WhatsApp Business wanda yake da wajen jera kaya da farashinsu da kuma amsa da ka riga ka tanada. Sati uku zuwa wata ɗaya ya ishe ka ka fara. Na san masu tara satifiket ɗin onlayin har guda goma amma ko mai shayi basu taɓa kawowa kwastoma ba.

Na biyu, gyara naka shafin. Wanda zai baka amanar shagonsa sai ya leƙa ya ga kai waye, in ya tarar jiya kana zage-zage kan siyasa ko rigimar ƙwallo shikenan magana ta mutu kafin a fara ta. Hoto mai kyau, lambar waya, da layi ɗaya da ke faɗin abin da kake yi.

Na uku shi ne asalin aikin, ka nemi shago guda ɗaya tak. Ba kamfanin Abuja ko Legas ba, shagon da zaka iya takawa da ƙafa. Yayarka mai turaren wuta da humra, telan unguwarku, mai dambun nama, mai atamfa da leshi a kasuwar Wunti, mai sayar da wayoyi. Kuma dan Allah kada ka je kana yi masa turanci. Ka yi sallama, ku gaisa, ka ce "Alhaji, na ga kayanka masu kyau ne amma wanda bai shigo layin nan ba bai san da su ba, ka bani wata ɗaya in gwada, in baka ga canji ba babu ko sisi tsakaninmu." Watan farko kyauta ko kuɗin data kawai, domin abin da kake nema a wannan watan hujja ce da zaka nunawa na gaba.

Ni na fara ne da wata Hajiya mai atamfa. Ranar farko na ɗau hotuna a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki, shuɗi ya fito kamar toka, wata ta aiko aka kai mata ta dawo da shi wai ba kalar da ta gani bace, kuma gaskiyarta ne. Tun daga ranar sai in zo wajen ƙarfe 9 na safe, mu fito da turmin bakin ƙofa inda akwai haske amma rana bata buga kai tsaye, yaron shago ya ware shi ya riƙe, in goge gilashin kyamara da bakin riga, in ɗau bidiyo na daƙiƙa 15 hannu yana shafa zanen a ga kaurinsa. Wannan ɗan bidiyon ya fi fosta goma masu ado kawo tambaya. Kuma ka rubuta farashi a fili. Al'adar nan ta "shigo ciki mu yi magana" tana korar mutane, musamman matan aure da basa son shiga akwatin saƙon wanda basu sani ba sai in sun riga sun yanke shawarar saye.

Na huɗu, ka san lokacin mutanenka. Bayan Isha'i ne yawanci ake zama da waya, da azumi kuma bayan buɗe baki da wajen sahur. In atamfa ko shadda kake tallatawa don ƙaramar Sallah, tun watan Sha'aban zaka fara, saboda azumi na yin nisa teloli sun daina karɓar ɗinki, wanda ya fara talla a goman ƙarshe ya makara sai dai takalmi da mayafi da hula. Rubutu kuma da Hausar da ake ciniki da ita, in kwastomominka ɗalibai ne na Yelwa sai ka ɗan haɗa da turanci. Meta Business Suite, wato manhajar Meta ta kula da shafin kasuwanci, zai baka damar jera fostin na sati guda ka sa musu lokaci, ranar da babu wuta ko waya ta mutu aiki bai tsaya ba.

Na biyar, tallan kuɗi, kuma nan ne sabbin shiga suke ƙonewa. Ni kaina karon farko na danna maɓallin bustin, wanda ake biya don a tura fostin ga mutane da yawa, ban taɓa wajen zaɓen gari ba, ya tafi Najeriya gaba ɗaya, layik ya yi ta zuba ina ta murna, ashe duk daga Legas da Fatakwal ne, kowa "nawa ne" sai ya ɓace, turmi ɗaya bamu sayar ba, wallahi kunyar Hajiya ta hana ni zuwa kasuwa kwana biyu. Ka zaɓi garin Bauchi da kewaye, in kuna aika kaya a mota sai ka ƙara Gombe, Azare, Jos. Ka zaɓi tallan da ke kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗin shago. Ka fara da kaɗan, misali N2,000 a rana na kwana 5, ka gwada bidiyo biyu ka ga wanne ya fi kawo saƙo sannan ka zuba sauran kuɗin a kansa. Ka tuna akwai harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa, ka saka shi a lissafi tun farko. Kuma kuɗin talla daban, ladan aikinka daban, ka faɗa tun ranar farko, in ba haka ba ranar biya za a ce ai an baka.

Wani abu da ya kamata ka kiyaye, masu maganin gargajiya da kayan mata suna biya da kyau amma suna son ka rubuta yana warkar da komai. Irin wannan Meta na ƙin karɓa har ta kai ga rufe asusun talla, ga kuma batun NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna. Ni dai bana karɓa.

Na shida, amana. Kada ka karɓi kalmar sirrin kowa, ka sa mai shafin ya ƙara ka a matsayin mai kula ta Business Suite, ranar da kuka rabu ya cire ka babu zargi. Ka kunna masa matakin tsaro na biyu, ka ja masa kunne cewa lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke turowa ba a bawa kowa ko da an ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa ake kira, ta nan ake kwace layi a shiga roƙon kuɗi da sunansa.

Ƙarshen wata ka zauna da mai shago da littafi. Kada ka kawo masa labarin mabiya, ka ce saƙo kaza ya shigo, mutum kaza suka saya, mun kashe kaza. Don wannan lissafin ya fito sai ka roƙi yaron shago ya riƙa tambayar duk sabon kwastoma "a ina kika gan mu?" yana yin ɗan layi a bayan littafin bashi. Ka ɗau hoton sakamakon, da izininsa, ka adana, shi zaka nunawa maƙwabcinsa, kuma daga wannan na biyun ne zaka fara yanka farashi na wata-wata, rabi kafin aiki rabi bayan an gama.

In bautar ƙasa ta fito kada ka ajiye, yawancin aikin daga ko'ina ana yinsa, sai dai ka koyawa wani ƙaninka ɗaukar bidiyo ya riƙa turo maka. Daga alawin N77,000 ɗin nan ka riƙa cire wani abu, ka fara da abin cajin waya mai ƙarfi da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, in shaguna sun kai uku ko huɗu sai ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunan, saboda makarantu masu zaman kansu da asibitoci da otal-otal basa son tura kuɗi asusun mutum, takardar neman biya mai sunan kamfani suke tambaya.