Yadda ake shirya wasan kwaikwayon talabijin da zai yi aiki a ƙauyukan Gombe

Abu na farko, zaɓi saƙo ɗaya ka tsaya a kansa. Masu ɗaukar nauyin shiri kan zo da dogon jeri: rigakafi, awon ciki, gidan sauro, taki, adashe, wai duk a cusa cikin minti ashirin da biyar. Kada ka yarda. Kowane kashi ya ɗauki aiki guda wanda mai kallo zai iya yi gobe da hannunsa, kamar haɗa ruwan ORS, wato ruwan gishiri da sukari na fakiti, ga yaro mai gudawa, ko adana wake ba tare da an barbaɗa masa maganin ƙwari ba.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, je ka zauna da mutanen. Wanda ke noman rani a bakin madatsar Dadin Kowa damuwarsa daban da ta makiyayi a Dukku ko Nafada. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: wa ke yanke hukunci a gidan nan? Sau da yawa uwar yaro ta san ya kamata a tafi asibiti, amma kuɗin mashin yana aljihun maigida, izini kuma yana bakin suruka. In labarinka uwar kaɗai yake yi wa magana, ka bar masu mabuɗin a waje.

Nan ne rubutu ke yin kyau ko ya lalace. An saba fito da tsohuwa jahila mai taurin kai, sai ma'aikaciyar lafiya ta zo da farar riga ta yi mata lacca. Tsofaffin da ke kallo sun gane da su ake, kuma ba wanda ake zagi ya ɗauki shawara. Ba wa surukar hujja mai ma'ana. Ta ce, "Jariri a wannan zafin na bazara a hana shi ruwa? Mu da ruwa muka raini ubansa." Matar ɗanta ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ni dai abin da aka faɗa mana wajen awo ke nan, wai nonon ya ishe shi har wata shida." Kada matar ɗan ta ci gardamar nan take, domin a gidan gaske ba haka ake yi ba. Bari labari ya ja, ƙawar tsohuwar da jikanta ya sha fama da gudawa ta zo yini, su yi hirarsu ta tsara. Idan surukar ta sauko, ta sauko da girmanta, har ta zama ita ke hana wasu ɗura wa jaririn ruwa.

Wajen ɗauka, kyamara ta sauka kan hannu. A ga an wanke hannu da sabulu, an juye fakitin ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, an kuma faɗi cewa ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14 ake sha ko da gudawar ta tsaya. In wake ne, a nuna ya bushe ƙayau, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban kafin buhun waje. Rashin iska ke kashe ƙwarin, don haka leda mai huji ba ta da amfani, wannan ma a nuna shi. Ka sa ma'aikacin lafiya ko malamin gona ya duba rubutun, ya kuma tsaya wurin ɗauka.

Tufafi da gida su zama na ƙauye na gaske, ban da leshi da falo mai kujerun alfarma. Hausa za ta kai ka ko'ina a jihar, amma gaisuwa da barkwanci cikin Fulatanci, Tangale ko Tera suna sa mutane su ji nasu ne.

Da ka haɗa kashin farko, kai shi ƙauye ɗaya ka nuna wa mutum goma sha. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kara za su yi maka. Ce su ba ka labarin abin da suka gani.

Sai batun isarwa. Sa shiri a NTA Gombe ko talabijin ɗin jiha yana da kyau, sai dai wuta ba ta zama, gidan kallo kuma na samari ne da ƙwallo. Saboda haka ka tanadi majigi da farin ƙyalle da janareta ko batirin sola. Nemi izinin hakimi da dagaci, ka gaida liman, a yankin Billiri da Kaltungo ka haɗa da fasto. Bayan kaka ne lokacinsa, bayan sallar isha'i. Da damina kowa a gajiye yake dawowa daga gona. Matan aure da yawa ba za su fito dandali da dare ba, sai a yi musu nasu da rana a babban gida ko makarantar Islamiyya, mace ta jagoranci hirar bayan kallo. Yanka shirin gajere-gajere ka ba masu cajin waya da tura fina-finai a ranar kasuwa, muryar kuma ka kai rediyo.

Kafin ranar nunawa, leƙa ƙaramin asibitin garin ka tabbatar akwai ORS da zinc, ka tambayi ƴan kasuwa ko ana samun buhun da nawa ake sayarwa. In babu, ɗage nunin har a kawo. Bayan wata guda ka koma wajen mai sayar da buhun da ma'aikaciyar asibitin, ka ji ko masu nema sun ƙaru, da irin tambayoyin da suke zuwa da su. Da waɗannan tambayoyin za ka rubuta kashi na gaba.