Yadda za ka riƙe lambu ba sai kullum ka dogara da takin zamani ba

Buhun takin zamani na NPK yanzu kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma in shi kaɗai kake zubawa duk shekara ƙasa gajiya take yi. Toh ka haɗa naka takin gargajiya: ka tona rami a inuwa, ka dinga jera kashin awaki ko na shanu, sai busasshen ganye da ɓawon gyaɗa da 'yar toka, ka yayyafa ruwa ya jiƙa kawai ba wai ya yi caɓi ba, duk sati biyu ka juya, cikin wata 2 zuwa 3 za ka ga ya yi baƙi warin ya tafi. Ɗanyen kashin kaji kam kar ka kuskura ka zuba a gindin shuka, ƙona ta yake.

Wani abu da mutane ke rainawa, tumatir da tattasai da attaruhu da yalo duk dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, so inda ka cire tumatir bana ka sa albasa ko wake.

Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a komi, laima ta daɗe, fetur ɗin injin ban ruwa ma ya ragu.

Ƙwari kuma, daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗan sa sabulu, ka yi feshi da yamma har ƙarƙashin ganye. Baya kashewa nan take fa, sai ka maimaita duk sati.